Rigar da Na Rina a Rabin Duro

Ni saƙa ba sana'ata ba ce, ko safar jariri ban taɓa sayarwa ba. Sha'awa ce kawai da na ɗauka wurin wata maƙwabciyarmu a unguwar Miskine tun ina budurwa, ta shiga jinina. Da aure ya kawo ni unguwar Kilomita Biyar, can bayan Titin Koudoukou, sai abin ya ƙaru, don launin zaren ulu na kanti duk ya gundure ni. In shiga gwanjo in tsinto tsofaffin rigunan sanyi farare, in warware, in wanke zaren, in rina da kaina a tsakar gida. Zoborodo, goro, lalle, ɓawon albasa, babu abin da ban jefa a tukunya ba. Inna, mahaifiyarmu, wadda take zaune a wurina, kullum sai ta ce, "Mata na dafa miya, ke kina dafa zare." Ni kuwa in yi kamar da bango take.

A shekarun nan ne sojoji suka yi ta bore, yau a ce an sasanta, gobe ka ji harbi daga wajen kogi. Ruwan famfo ya koma sai lokacin da ya ga dama yake zuwa, don haka duk wani mazubi da ke gidan aka cika shi da ruwa, har da tukunyar dalmar da nake rini a ciki. Inna ta kafa doka, wanda ya zubar da ruwan nan shi da ita ne. Ga shi na tara ɓawon albasa jingim, ina so in saƙa wa ƙanena rigar sanyi, wadda a nan muke kira tiriko.

Shi ne autanmu, kuma shi kaɗai ne namiji. Burodi yake rabawa shaguna a kan keke tun da asuba, damina ta sa masa wani tari da ya ƙi ji ya ƙi gani. Dogo ne, kullum kansa tal-kwabo, kuma Sango, yaren garin, ta fi Hausa zama a bakinsa. In ya yi Hausa sai Inna ta toshe kunne.

Da na rasa tukunya sai na janyo wani rabin duro da ke bayan ɗaki, duk ya yi tsatsa, na ɗauraye shi sama-sama na ɗora a wuta. Ɓawon albasa ruwan zuma yake bayarwa, na yi ya fi a ƙirga. Ranar da na tsamo zaren na ga ya fito kore mai duhu, sai da na ƙunduma wa duron ashar. Daga baya ne na ji cewa tsatsar ƙarfe ce ke juya launin. Inna ta leƙo ta ce, "Yau kuma miyar kuka aka yi?" Muka yi dariya, na shanya abina, na saƙa masa riga mai dogon hannu da wuya zagayayye. Duk gidan ba wanda tunanin soja ya zo masa, mu miyar kuka muka gani.

Bai daɗe da fara sa ta ba, wata rana da hantsi ina tankaɗe, mai shayin bakin layinmu ya faɗo gidan ko sallama babu.

"Hajiya, an riƙe autanku a bariyar hanyar Miskine. Sun ce ɗan bore ne, ya tuɓe kaki ya bar tirikon soja a jikinsa."

Rariyar ta suɓuce daga hannuna. A lokacin ana ta cewa 'yan bore suna cire kaki su saje da mutanen gari, kuma kowa ya san wanda aka kama da kayan soja mota ake jefa shi, wanda aka jefa a motar nan kuwa ba a ƙara jin ɗuriyarsa. Maigidana ya tafi sarin kaya, hanya ta rufe da shi. Inna ta zauna daɓas a ƙasa tana salati, muryarta ba ta fita. Na suri mayafi, na suri jakar saƙata, don ragowar zaren da kibiyoyin saƙar suna ciki, kuma ban da su ba ni da wata shaida a duniya.

Titin Koudoukou da ko allura ba ta samun wurin faɗuwa, ranar shaguna duk a garƙame. Gudu nake, takalmi ɗaya ya tsinke, na yar da ɗayan.

Bariyar, wato shingen da suka tare hanya da shi, tayoyi ne da wani dogon benci da aka gitta. Masu bindiga ne ke tsaron ta, wasu da kaki, wasu da singileti, har yau ban san ko na wane ɓangare ne ba. Na fara ganin keken a kwance, burodi ya watse cikin taɓo. Sannan na gan shi a gindin bango, a durƙushe, hannuwa a ƙeya, ba riga, leɓensa ya fashe, idonsa ɗaya ya rufe. Kusa da shi akwai wani mutum, magidanci ne, shi ma a durƙushe, sanye da tiriko kore. Wallahi ban taɓa ganin ƙanena ya yi ƙanƙanta haka ba.

Babbansu yana zaune a kujera, rigar da na saƙa tana kan cinyarsa. Na zube gabansa na ce da Sango, "Ita ti mbi la," ɗan'uwana ne, mai burodi ne, rigar nan ni na saƙa ta da hannuna.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kowa ya zo nan ɗan'uwan wani ne, Mama. Wannan kayan bariki ne."

Na zazzage jakar a ƙasa, ƙwallon zaren ya gangara har ƙafarsa. Ya ɗauka ya kara da rigar, launi ɗaya sak. Ya tambaye ni inda na sami zaren soja. Na ce ɓawon albasa ne da tsohon duro. Suka kwashe da dariya, wani har da buga gindin bindiga a ƙasa. Raina ya ɓaci, na ji zagi ya taho min har maƙogwaro, na haɗiye shi da ƙyar.

"To saƙa mu gani," in ji shi. "Irin wannan ɗin. In ba ta yi kama ba, ku biyu za ku hau mota."

Ni da nake saƙa ina hira, ina saƙa ina duba tuwo, ko kallon hannuna ba na yi, sai ga shi na kasa ɗora zare a kibiya. In ɗora madauki ya zame, in sake ya zame. Kibiya ɗaya ta faɗi, na ɗauka, ta sake faɗuwa. Wani daga cikinsu ya ce, "Ka gani, ƙarya take." Kaina ya yi dum, na ma manta ta inda ake farawa.

Sai na ji muryar autan Inna daga gindin bango, da gurguwar Hausarsa, don kada su gane.

"Yaya, bar duba ni. Duba zare."

Aka kai masa ƙafa a haƙarƙari saboda ya yi magana. Na sunkuyar da kai, na yi bisimilla, ban ƙara ɗagowa ba. Hannun ya tuna abin da kai ya manta. Na ɗora, na juya, na tafi layi bayan layi, irin bakin hannun rigar mai gora-gora, har ya kai faɗin tafin hannu. Gumi yana ɗiga a kan zaren. Babban ya fizge, ya shimfiɗa a kan hannun rigar, ya daɗe yana dubawa, ya ja ya sake ja.

Bai ce na yi gaskiya ba. Miƙewa ya yi ya zura rigar a jikinsa, ya shafa ƙirji, ya ce tana da ɗumi. Sannan ya yi wa ƙanena nuni da haɓa. "Ɗauki kekenka ka ɓace."

Na yafa masa mayafina, na tallafo shi. Mun juya ke nan magidancin nan da ke durƙushe ya kira ni, a hankali, da Hausa tsantsa.

"Baiwar Allah, ki ce nawa ma ke kika saƙa."

Ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba. Na juya na ce wa babban, wannan ma aikina ne, zare ɗaya ne. Ya taka ya kama wuyan rigar mutumin ya juyo da shi waje, ga ɗan ƙyallen kamfani a ɗinke, irin na kayan gwanjon da dukanmu muke saye. Ya nuna min, ya yi murmushi, ya ce in tafi tun bai sake shawara ba.

Muka tafi. Ƙanena yana jan keke, ni ina riƙe da shi, ba takalmi. Ba mu kai kwanar layinmu ba wata babbar mota mai rufin tamfol ta wuce mu ta nufi bariyar. Ƙanena ya tsaya cak zai waiwaya, na damƙe hannunsa na ce, "Tafi, Inna na jira."