Ƙanƙara Kafin Maimai

Tsakiyar damina ce, hatsi ya kai ƙugu, bai yi ciki ba tukuna. Shekarar ta zo da sauƙi, har muna tsoron yabonta.

Ran nan da la'asar hadari ya taso daga wajen Tabla. Ruwa bai jima da farawa ba muka ji kwanon ɗaki yana amsawa kamar ana watsa masa tsakuwa. Ƙanƙara ce. Yaran gari suka fita da ƙorai suna tsinta suna tsotsa.

Da ta ɗauke muka leƙa gona. Ganye duk ya tsattsage, ya koma kamar geza. Maigida ya daɗe tsaye, sannan ya ce bana kam ta ƙare, gara ran kasuwa ya hau motar Yamai ya nemo mana abin ci. Na dai san in ya tafi ba a yi maimai ba, wato noma na biyu, abin da ƙanƙara ta rage haki zai cinye, don ni kaɗai ba na iya wa gonar.

Wajen cin tuwo ɗiyata mai zuwa lakwal ta tambayi kakarta, uwar mijina, daga ina sunan ƙanƙara ya fito. Wai malaminsu ya ce a ƙasashen sanyi da hunturu take zuwa, da laushi kamar dusa. Tsohuwa ta ce ita ba ta san ta Turawa ba. Abin da ta taras, ƙanƙara sunan farin dutsen nan ne da ake ƙyasta wuta da shi tun ba a san ashana ba. Da mutane suka ga irinsa yana faɗowa daga sama, sai suka ara masa sunan.

Ta ce sau ɗaya ta taɓa ganinta, tana amarya, kuma a shekarar ma sun ɗaure damman hatsi.

"Ganye taka duka," in ji ta, tana kallon ɗanta. "Kai da ba ka tsaga kara ba, mi ka sani?"

Shi dai ya ci gaba da cin tuwonsa.

Na yi ta juya maganar a raina. Sunan dutse ne, amma a tafin hannun yara ta narke.

Da safe na je gona na karyo kara ɗaya, na tsaga shi da farce. Cikinsa ɗanye shar. Na kawo na aje kusa da takalman maigida, na jingina hauyarsa a bakin ƙofa, na saɓi tawa na yi gaba.