Jirgin Wata da Ke Adakar Baba

Jikokina sun ishe ni da tambayar abin da ke cikin tsohuwar adakar da na hana kowa taɓawa. Wata ma cewa ta yi wai layun tsafi nake ɓoyo, ja'ira! To ga amsa, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Jirgin wata ne a ciki, na tagulla, tsawonsa daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Ba nawa ba ne, ba kuma na Baba ba ne, kuma abin da ya hana shi kwanciyar rai ke nan har ya koma ga Allah.

Baba maƙerin farfaru ne, yana yin awarwaro da zobe, yana like tasa da dalma, a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Dutse. Tun ba a haife ni ba, lokacin da Nasara ba su daɗe da zama a ƙasar ba, wani Baturen safiyo ya sauka kusa da mu yana awon duwatsu. Baba ya ce siriri ne, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, ga yawan tari. Ran nan ya zo maƙera da ƙafarsa, ya kwance wani ƙunshi. Abin kamar zungureriyar gora, da tsini a sama, da ƴan tagogi, da ƙafafu uku, ɗaya ta karye don mai ɗaukar kaya ya faɗi da akwati.

Baturen ya ce yayansa majigi yake yi a ƙasarsu. Sun shirya labarin mutanen da suka tafi wata, wannan ɗan abin suka ɗauka a hoto, a jikin farin ƙyalle ya fito ƙato kamar rumbu. Baba ya ce ya tambaye shi, "To, sun je ɗin?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce a'a, tatsuniya ce. Sai ya kife jirgin ya nuna masa wani baƙin rubutu a ƙasansa, layi uku, ya ce hannun yayan ne, sunansa da inda gidansu yake. Ya ce a gyara, zai dawo bayan kasuwa biyu.

Bai dawo ba. Zazzaɓi ya kayar da shi, aka ɗauke shi a kan gadon kara aka nufi Kano, daga baya labari ya zo cewa bai kai ba. Baba ya riga ya like ƙafar, ga shi da kayan mamaci a hannu, amana.

Za ku ce me ya hana shi kai wa hukuma. Ku yaran yanzu ba ku san tsoro ba. A wancan zamani talaka ya fito da kayan Bature ya ce ba shi aka yi? Wa zai yarda? Masu karanta boko kuwa duk a gindin hukuma suke. Sai Baba ya naɗe jirgin a tsohon walki ya sa a adaka, ya ce zai jira jininsa ya iya boko, ya karanta masa a ɓoye, sannan a san yadda za a aika wa yayan. Da aka zo neman yaran da za a sa makaranta kowa yana ɓoye nasa, shi ya lallashi ƙanensa ya ba da ɗansa. Mutane suka ce Baba ya zautu.

A cikin wannan jira aka haife ni, na girma. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Duk ranar Juma'a in ya dawo masallaci sai ya fito da jirgin ya duba ko tsatsa ta kama, ni ina tsugune a gefensa. Launin toka gare shi, da baƙi-baƙi a gindi kamar tukunyar da ta sha wuta. Na taɓa ce masa, "Baba, abin nan duk datti." Ya ce, "Uwata, haka mai shi ya kawo shi." Ban fahimci cewa fenti ne aka shafa da gangan don ya yi kama da abin da ya ƙone a tafiya ba. Ni dai datti nake gani.

Ku sani kuma, a gidanmu ba a san ni da komai ba sai wanke tasa. Jeren Inna, wato tasoshin tagullar da ta kawo na aure, ni ke fito da su in jiƙa tsamiya, in haɗa da toka da ɗan yashi mai laushi, in dirza har mace ta ga kwallin idonta a ciki. Matan unguwa kan aiko a ba su aron hannuna in za su yi baƙi. Kai, ina ji da kaina a kan wannan, ba na ɓoyewa.

Ina kusan shekara goma sha huɗu saƙo ya zo cewa Yaya, ɗan ƙanen Baban nan, ya gama karatu ya zama malamin asibiti, zai zo gida ranar Laraba. Ban taɓa ganin Baba cikin murna irin ta ran nan ba. Ya je aski, ya sa aka wanke babbar rigarsa, ya ce da Inna, "Kayan mutane za su sauka daga wuyana." Ranar Talata ya tafi kasuwa sayen goro.

Inna ta ce in fito da jere in wanke, babban baƙo zai zo. Na wanke tas, na kife su a rana. Ruwan tsamiya ya ragu a ƙwarya. Sai zuciyata ta ce, yanzu malamin asibiti guda, mai farin kaya, a miƙa masa wannan abu baƙi ƙirin a gidan maƙerin farfaru? Ai abin kunya ne. Ban tambayi kowa ba. Na buɗe adaka, na kai shi bayan ɗaki na zauna.

Wallahi da ƙyar launin tokar ya fita, sai da na ƙara yashi. Da jan tagullar ya fara leƙowa daɗi ya kama ni, har waƙa nake yi. Na bi tagogi da tsinke, na bi ƙafafu. Da na zo ƙasan na ɗan tsaya, don na san Baba yana yawan kallon wurin. Amma ban san rubutu yana fita ba. Na allo ne kawai na san ana wankewa, na ɗauka na Nasara a cikin ƙarfen yake, in na goge dattin sai ya fi fitowa. Dirza uku na yi, na ɗauraye, na ga wurin fes, babu komai.

Ban gudu ba, ban kuma faɗa ba. Na naɗe shi na mayar.

Laraba bayan la'asar, da masu sannu da zuwa suka watse, Baba ya shigo da Yaya ɗakinsa ya saki labule, ya ce in kawo adakar. Ya kwance walkin da bisimilla. Jirgin ya fito yana walƙiya. Baba ya kife shi, ya matsa bakin ƙofa wurin haske, ya sake juyawa. Yaya ya ce, "Baba, ina rubutun?" Sai Baba ya juyo ya kalle ni.

"Uwata, ke ce?"

Na ce, "Baba, datti na cire."

Na so ya dake ni, har yau ina cewa da ma ya dake ni. Sai kawai ya ce, "Kin iya wanki, Uwata." Ya zauna a bakin gado yana shafa wurin da babban yatsa. Yaya ya kawo ƙasa ya baje, ya ce Baba ya zana abin da ya tuna, tunda shekara da shekaru yana kallonsa. Baba ya zana wasu ƙugiyoyi da da'ira. Yaya ya duba ta nan ya duba ta can, ya ce a hankali, wannan ba ya karantuwa.

Baba bai ƙara ɗaga maganar ba, bai canja mini fuska ba, ya yi mini aure da kaya na mutunci. Amma ya daina fito da jirgin ranar Juma'a. Ni kuma daga ranar ban ƙara wanke tasar kowa ba, matan unguwa suka ce girman kai ya shige ni, na bar su da bakinsu. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na shiga da goyo a bayana, ina tsammanin in na iya haruffan zan tuno waɗanda na goge. Na iya su duka, ga shi da su nake rubuta wannan, amma ko ɗaya bai dawo mini ba.

Wani jikana da ke jami'a a Kafin Hausa ya leƙa adakar bara, ya ce a ƙasashen waje akwai masu tara irin waɗannan kayan majigi, har sukan gane daga wane fim abu ya fito. Ya ɗauki hotonsa ya aika musu. Suka ce ba fenti, ba rubutu, ba yadda za su tabbatar. Na ce masa ai na riga su sani, ya rufe mini adakata.

Ciwon ajalin Baba kwana tara ya yi. A na takwas ya sa aka kira ni daga gidan mijina, ya ce in ɗauki adakar. Ya ce, "Ki riƙe, ko mai shi zai aiko. In an tambaye ni a can, zan ce na gyara ƙafar." Washegari da hantsi aka fito da shi ƙofar gida. Muna daga ciki muna jin liman ya ɗaga murya kafin a yi salla, yana cewa duk wanda ya san yana da ajiya a wurin wannan bawan Allah ya yi magana a sallame shi. Sau uku ya faɗa. Ina zaune a kan adakar, na kasa kunne kamar wani zai amsa. Ba wanda ya amsa, sai na ji sun ta da kabbara.