Ƙotar da Na Naɗe da Hannuna

Ranar Talata ce, ba a daɗe da yanke Kebbi daga Sakkwato ba. Da hantsi ina zaune bakin maƙerar maigidana, a tungarmu, ɗan ƙauye bayan Jiga Makera, ina yanka tsohon tub na keke, robar cikin taya, siri-siri. Shi yana ƙera adda da sifirin matacciyar mota, ni ina naɗe ƙota da roba. Kowace ƙota sai na ɗaura mata jan ƙyalle daga tsohon zanena, don a san aikin gidanmu. Abin da mutane sunka yar, da shi muke ci.

"Uwar Hassi, ja robar nan da kyau," ya ce. "Ko hannun ya tsufa?"

"Ƙafarka ta riga shi," na ce. Gurgu ne tun yana yaro.

Ana kiran azahar karnuka sunka fara haushi wajen fadama. Sai ihu. Sai ƙarar bunu yana cin wuta. Rikicin fadamar albasa ne tsakaninmu da wani ƙauye, wanda manya sunka ce sun kashe. Ashe mutane anka ɗauko haya.

"Ku fito! Kowa ya fito!"

Sunka banko ƙofar maƙera. Na gabansu ya ɗaga adda, na ga jan ƙyallena a ƙotar. Na san fuskar. A kasuwar Jega ya saye ta hannunmu, har ya yi alwala da butarmu, yana yaba kaifinta. Ya sari maigida a kafaɗa. Bai ko dubi fuskarsa ba. Sunka kwashe addunan da ke rataye, sunka wuce gidan gaba.

Allah ya isa! Ni na ja robar nan da ƙarfina don kada adda ta suɓuce wa manomi. Ba ta suɓuce ba.

Muna da baron ɗaukar gawayi, rabin durom bisa ƙafar keke. Na kifar da gawayin, na jawo maigida ciki, na ɗaure raunin da roba da tsumma. Na tura cikin dawa, na nufi Aliero inda akwai likita. Ƙafar baron tana kuka, na cusa mata tsumma don kada a ji mu.

Da la'asar masu gudu sunka riƙa wuce mu. Maƙwabta ne, waɗanda ke kwana da fitilun gwangwanin da mu munka yi musu. Na kira su da sunansu. Ko ɗaya bai kama mini hannun baro ba.

"Tura dai, Uwar Hassi," maigida ya ce. Daga nan bai sake magana ba.

Rana ta yi ja na hango kwanukan Aliero. Baron ya yi wani nauyi da ban san shi da shi ba. Ban duba ba sai da na kai bakin titi.

Ɗaki ya ƙone, da rumbu, da awaki. Waɗannan duk an mayar. Maigida kuwa anka binne shi Aliero cikin baƙi, da likkafanin da wani mahauci ya bayar.