Maƙwabcin Farko na Gidan Veldkamp

Tonnie Brinkhuis ba mai yawan magana ba ne. A ƙauyensu da ke gabashin Holand, dab da iyakar Jamus, in ka tambayi mutane game da shi, abin da za su ce maka bai wuce "in an kira shi yana zuwa" ba, kuma a nan wannan ba ƙaramin yabo ba ne. Ya shafe fiye da rabin rayuwarsa yana tuƙa motar wani kamfanin kujeru, har ranar da kamfanin ya tattara nasa ya nasa ya koma ƙasar da ƙwadago ya fi araha. Tonnie ya dawo gida da furfura da kwalin biskit na ban kwana, ya shiga sahun masu karɓar kuɗin marasa aiki.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Ya gyara duk abin da ya lalace, sannan ya soma gyara wanda bai lalace ba.

"Don Allah maigida ka rabu da ƙofar nan," in ji matarsa Dinie. "Lafiyarta ƙalau kafin a kore ka daga aiki."

Ana haka sai maƙwabcinsu Gait Veldkamp ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin shanu, ɓarin jikinsa ya shanye. Tun zamanin kakanni gidan Brinkhuis ne maƙwabcin farko na gidan Veldkamp. Maƙwabcin farko ba a roƙonsa, ba a biyansa. In ciwo ya kwantar da maigida, shi zai kula da dabbobi. In mutuwa ta zo, shi zai bi gidaje ya sanar, kuma shi zai riƙe hannun dama na gaba a akwatin gawa. Saboda haka washegari Tonnie ya sa takalmin roba ya tsallaka shinge, ya kunna injin tatsa. Haka ya yi safe da yamma har sanyin shekarar ya wuce. Riek, matar Gait, takan miƙo masa burodi mai zabibi ranar Asabar.

Kowane ƙarshen wata ofishin marasa aiki na tambayarsa ko ya yi wani aiki. Yakan amsa a'a, hankalinsa kwance. A wurinsa aiki shi ne wanda ake biyan mutum, tatsar shanun Gait kuwa kamar share ƙofar gidansa ce.

Mutanen birni ba haka suke gani ba. Suka kira shi, wata matashiyar ma'aikaciya mai fara'a ta jera masa hotunan da aka ɗauke shi a ɓoye a gidan Gait, a kan tebur: ga shi da bokiti, ga shi a kan tarakta.

"Malam Brinkhuis, wannan kai ne?"

"Ni ne. Waccan saniyar kuma Bertha ce, tana harbi."

"Nawa suke biyanka?"

"Biya? Maƙwabcina ne fa."

"Ba su ba ka komai?"

"Sai burodi."

Ta rubuta burodin. Ta yi masa bayani cikin ladabi cewa duk aikin da wani zai iya karɓar lada a kansa aiki ne, ko an biya ko ba a biya ba, kuma wajibi ne a faɗa. Ba muguwa ba ce, dokar ce take karantawa, dokar kuwa ba ta san Gait ba. Aka yanke masa ya mayar da kuɗin dukan watannin sanyi, aka ɗora tara, aka kuma gargaɗe shi cewa in ya sake, tarar za ta ninku. Kuɗin sun yi masa zafi, amma kalmar da suka liƙa wa sunansa ta fi: zamba. Dinie ta yi kuka don baƙin ciki. Shi kuwa ya daina tsallaka shingen, sai da Riek ta sayar da shanun.

Da bazara ta shigo sai sa'a ta leƙo. Wata mata mai suna Marloes, mai ƙananan motocin da ke kai tsofaffi asibiti da gidan da ake kula da su da rana, ta ɗauke shi gwaji. Ga mutumin da ya doshi sittin, wannan ce damar ƙarshe, kuma ya san haka. Aikin kamar don shi aka yi shi. Yakan shiga har ɗaki ya sa wa tsohuwa takalmi, ya duba ko ta kashe murhu, ya kulle mata ƙofa. Makullan gidajensu na rataye a ƙugunsa. Tsofaffin suka riƙa faɗa kan wa zai zauna gaba kusa da shi.

Kafin watan gwajin ya cika, ofishin ya umarci Marloes ta riƙa cire bashin daga albashinsa. Ta kira shi ɗakinta, ta zuba masa kofi, ta kasa haɗa ido da shi.

"Tonnie, me ka yi musu?"

"Shanu na tatsa."

"Na yarda da kai, wallahi. Amma ka duba, makullan mutane ne a hannunka. Ran da zoben wata tsohuwa ya ɓace, 'ya'yanta za su tono wannan, su ce na sani na yi shiru. Kwangilar jigilar tsofaffin duka za ta tafi."

Ya ciro makullan ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa mata na wace ce wannan, wace ƙofa ce sai an ɗaga ta kafin ta buɗu. Ya koma gida a keke, ya sake shiga sahun marasa aiki. Daga ranar ko tsani wani ya ce ya riƙe masa, sai ya tsaya yana tunani.

Gait ya rasu da kaka. Ranar jana'iza Tonnie ya sa baƙin kwat, ya taje kai, ya kai har bakin ƙofa, sannan ya dawo ya ɗauki waya. Ya tuna cewa a birni akwai masu ɗaukar gawa da ake biya.

"Wa kake kira yanzu?" in ji Dinie.

"Ofis."

"Tonnie, gawa ce fa! Gait ne!"

"Haka shanun ma na Gait ne."

Wadda ta ɗauka ta ce ba ta taɓa jin irin wannan tambaya ba, ya ɗan jira ta tambayi na gaba da ita. Aka sa masa kiɗa a kunne. Ta taga yana hango farfajiyar Veldkamp, maza biyar tsaye gefen akwati, hannun dama na gaba babu kowa. Tsoho Harm, maƙwabci na biyu, ya ɗaga murya ta saman shinge.

"Kai Brinkhuis! Sai mun aiko maka da doki ne? Mamacin ma ya riga ka shiri!"

Ƙararrawar coci ta soma kaɗawa. Riek ta daɗe tana kallon gidan Brinkhuis, daga baya ta yafito ɗan ƙanwarta da ya zo daga birni, ya kama hannun akwatin a karkace, don bai iya ba. Dinie ta ɗauki jakarta ta bi su ita kaɗai, kunya kamar ta nutse.

Da kiɗan ya tsaya, ma'aikaciyar ta dawo da muryarta mai daɗi. Ta ce ta bincika, ɗaukar gawar maƙwabci ba matsala ba ce, yana iya zuwa.

Tonnie ya yi mata godiya, ya ajiye wayar. Farfajiyar babu kowa sai karen Gait.