Malam Tayyib da Ungulayen Bakin Daji

Kullum bayan sallar asuba, Malam Tayyib malamin daji yakan tayar da tsohon babur ɗinsa ya nufi bakin daji, yamma da Runka. Ba ya riƙe bindiga. Igiya ce a bayan babur da gorar ruwa, idanunsa a ƙasa yana bin sawu. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan zagaye tsakanin Safana da Batsari, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Da rashin tsaro ya tayar da ƙauyukan bakin daji, mutane suka gudu da 'ya'yansu, suka bar karnuka. Yunwa ta mayar da karnukan na daji. Suka haɗa garke, suka hayayyafa, suka bi ƙwan zabin daji da 'ya'yan fakara suna cinyewa. Zomo ya yi wuyar gani, gada kuwa sai a labari. Da Malam Tayyib ya koka, aka ce masa mutane ma ba su tsira ba, balle zomo. Bai yi fushi ba. Ya ci gaba da ɗana kejin ƙarfen da ya haɗa da hannunsa, yana kama karnukan ɗaya-ɗaya.

A ranin da ya wuce, karnukan suka kashe awaki huɗu na wata bazawara, Zuwairatu. Ran maza ya ɓaci, kuma da gaskiyarsu. Suka samu mushen jaki, suka ɗura masa maganin ƙwari, suka ja shi gindin wani dutse da sassafe. Sun manta cewa kare sai rana ta yi sanyi yake fitowa, ungulu kuwa tun hantsi take sauka. Ungulaye goma sha biyu kacal suka rage a duk yankin, kuma mushen nan guda ya isa ya gama da su.

Zuwairatu ce ta tare Malam Tayyib a hanya.

"Malam, an sa guba a mushe can gindin dutse. Awakina aka ci, amma raina bai kwanta ba."

Nan take ya kira Jamaluddeen, wani manomi da ake jin maganarsa. "Tara mutane, ku biyo ni da diga da fetur."

"Malam, jiya-jiya aka ga mutanen nan a wajen!"

"Na sani. Ku dai biyo ni."

Ya isa ya tarar biyu sun riga sun ci, suna shure-shure a ƙasa, sauran suna shawagi. Ya tuɓe rigarsa, ya ɗaura a sanda, ya tsaya kan mushen yana kaɗawa. Farar riga a fili fetal, a wurin da kowa ke sunkuyawa ya wuce. Awa uku yana haka.

Jamaluddeen ya ce sun kusa isa sai suka ji ƙarar baburan 'yan bindiga da yawa, suka faɗa kwazazzabo suka kwanta. Daga nan suke hangen Malam Tayyib. Har ransu sun bar shi ga Allah. Shi ma ya ji ƙarar sarai, amma ya san in ya kwanta, ungulayen za su sauka. Bai sauke hannu ba har baburan suka bi ta bayan dutsen suka ɓace. Sannan aka ƙone mushen, aka haƙa rami mai zurfi aka binne.

Kai ne, Malam Tayyib, ka tsaya wa tsuntsun da ba mai so, wanda ke kwashe mana mushe kafin ya zama cuta. Wallahi in na tuna tsayuwar nan, gabana faɗuwa yake yi. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka hutu cikin lafiya. Ku kuma jama'a, in dabba ta dame ku, ku nemi irinsa kafin ku taɓa guba, kuma a samu masu karɓar kejin nan daga hannunsa.

Da na je gaishe shi, ina ta yabo, sai ya katse ni ya ce, "Bari, Malam. Na makara, biyu sun mutu."

Ba ka makara ba, Malam. Jiya da hantsi na ɗaga kai na ƙirga, goma suna sama.