Tsotso Ɗaya a Gonar Gyaɗa

A lokacin ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, a wani ƙauye kusa da Makoda. Mijina manomi ne, ɗan unguwarmu, mai tsantseni a kan addini har abin yakan yi yawa. Mutum ne da zai sake alwala don kawai zuciyarsa ta raya masa ta karye. Ina yi masa tsiya a kan haka, yana dariya.

Wata rana goggonsa tana ɓarar gyaɗa a tsakar gidanmu, hira ta kai ta zamanin da. Ta ce lokacin cirar gyaɗa mata kan kwantar da jarirai a gindin bishiya, wanda ya yi kuka duk mai goyon da ke kusa ta ba shi nono. Tana dariya ta ce da idonta ta ga marigayiya innata, tana goyon yayana, ta ba mijina nono sau ɗaya. Ita ta ci gaba da ɓararta, shi kuwa ya ajiye kwanon furar da ke hannunsa.

Tun daga ranar ya koma kwana a zaure. Limaminmu ya ce masa a Malikiyya ko tsotso ɗaya ya haramta aure. Wani abokinsa da ya yi karatu a birni ya ce ba dole ba ne a tsaya kan mazhaba ɗaya, a wajen wasu malamai sai an sha sau biyar, amma kuma shaidar mace ɗaya ta wadatar. Mijina ya ɗauko mai tsanani daga nan, ya ɗauko mai tsanani daga can, ya haɗa. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Ina dafa masa tuwo ban san ko miji nake dafa wa ko yaya ba. In na yi kwalliya kunya ta kama ni, in na bari baƙin ciki ya ishe ni. Gidanmu kuma Baba ya ce ba zai karɓi matar da ba a saka ba.

Da abin ya ishe shi, ya tsaya a ƙofar ɗakina yana hawaye ya ce, "Gara in rasa ki da in kai ki wuta." Ya sake ni saki uku, wai don ya yanke shakka.

Bayan na gama idda Baba ya kai maganar wajen wani dattijon malami a Bici. Abin da malamin ya fara tambaya shi ne mutum nawa suka shaida. Ya ce a Malikiyyar ma maganar mace ɗaya ba ta raba aure, a ɗaya ɓangaren kuma sha ɗaya ba ya haramtawa. Da mazhaba ɗaya aka bi har ƙarshe, ko wacce ce, da aurenmu yana nan.

Ni ba malama ba ce, ba zan ce wa kowa ga mazhabar da zai bi ba. Roƙona ga masu karatu, in kun ɗauki tambaya wajen masani, ku zauna ku ji amsar har ƙarshenta, kada ku tsinci rabi nan rabi can ku yanke wa kanku hukunci. Har yau tsohon mijin nawa yana kawo wa yara gero, ya tsaya daga waje ya yi sallama. Yanzu ya san ni ba ƙanwarsa ba ce, amma kuma ba matarsa ba ce.