Ya'u da Agogon Mushe Issa

Ya'u mutumin Sabon Gari ne a Maraɗi, sana'arsa cike takardu. Yana da ɗan tebur da benci a gindin wata bedi, daura da biro, wato ofishin da tsofaffin ma'aikatan gwamnati ke zuwa karɓar ɗan abin da ake ba su bayan sun ajiye aiki. Wanda idonsa ya yi rauni, da wanda hannunsa ke rawa, duk wurin Ya'u suke yada zango. Shi zai cike dosiye, ya liƙa tambur, wato kan sarki, a ba shi na goro. Abin da yake samu ba ya kaiwa ko'ina, amma ba a taɓa kwana da yunwa a gidansa ba, sai dai a kwana da mita.

Ciwon agogo ya kama shi ne ranar da wani saurayi ya zo cike takardun rasuwar mahaifinsa, tsohon ma'aikacin gidan waya. Saurayin na ɗaure da agogon mamacin, yana ƙorafin wai ya kai shi wurin masu gyara uku a sa masa pil, wato batir, an rasa inda pil ɗin ke shiga. Ya'u ya karɓa ya juya, ya murza ɗan kan da ke gefe, ya kara a kunne. Agogo ya ɗauki bugu kamar jiya aka ƙera shi. Ya'u ya yi maza ya dunƙule shi a hannu, ya ce ai irin waɗannan sun daina aiki tun zamanin soja, amma zai saya don tunawa da marigayi. Kuɗin kwanon tuwo biyu ya biya.

A ranar ya fahimci abu biyu. Na farko, agogon kirki a garin nan yana hannun tsofaffin ma'aikata, waɗanda suka saye shi lokacin da albashi ke albashi. Na biyu, ƴaƴansu ba su san darajarsa ba. Alhazan birni na aika a sayo musu agogo daga Dubai, masu walƙiya kamar an ɗaura fitilar mota a hannu. Ya'u ba shi da wannan ƙarfi, don haka ya kafa wa kansa doka: ba zai wuce jikka biyar a kan agogo ɗaya ba, kuma kasuwarsa ita ce zaman makoki.

Daga nan babu ta'aziyyar tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, ko jandarma, ko ma'aikacin likita da ke wuce shi. Yakan zo da wuri, ya zauna kusa da babban ɗa, ya yi addu'a mai tsawo, ya dawo ranar uku, ya dawo ranar bakwai. Sai an watse yake tambaya cikin sanyin murya ko marigayi ya bar ɗan tarkacen da ba a bukata. Cikin shekara goma sha biyar ya tara agogo ashirin da uku. Yana ajiye su cikin wata akwatin ƙarfe, kowanne a naɗe da ƙyalle. Kullum bayan sallar asuba sai ya baje su bisa tabarma ya wana su ɗaya bayan ɗaya, kuma babu mai yi masa magana har ya gama. Matarsa Tsahara takan tsaya bakin ƙofa da kwandon cefane tana jira.

"Gida mai agogo ashirin," in ji ta, "amma har yau ba a san ƙarfe nawa ake ba da kuɗin miya ba."

Tsofaffin da ke layin biro ba yara ba ne. Sun lura in Ya'u zai gaishe ka da hannu biyu yake kama naka, ya duƙa kamar mai ladabi, idonsa kuwa na kan wuyan hannunka na hagu. Har suka riƙa tsokanar juna cewa wanda Ya'u ya tambayi lafiyarsa sau biyu a rana ɗaya, to ya je ya ga likita. Wasu suka koma sa riga mai dogon hannu ranar biya.

Mushe Issa, kamar yadda ake kiran malaman lakwal da Faransanci, bai ɓoye nasa agogon ba. Tsohon darektan lakwal ne daga Tibiri, Bagobiri dogo siriri, yana da shekara saba'in da tara lokacin da suka haɗu, ga tari mai jijjiga ƙirji. Agogonsa ya sayo shi ne a Faransa lokacin da aka tura su horo yana matashi: farar fuska, baki mai ruwan zinariya, maɗaurin fata da ya sha gumi har ya yi baƙi. Ya'u na ganinsa ya san duk abin da ke cikin akwatinsa tarkace ne. Ya dubi agogon, ya saurari tarin, ya ƙiyasta a ransa damina biyu, in an yi sa'a ɗaya.

Ranar Lahadi mai zuwa ya hau tsohon motonsa mai ƙafa biyu ya tafi Tibiri dubiya. Hannu rabbana ba ya yiwuwa, saye kuma ba ya cikin tsarinsa, sai ya tuna surukinsa na da garkar zogale a Jiratawa. Sai dai Jiratawa na kudu, Tibiri na arewa. Don haka kowace Lahadi sai ya yi sammako zuwa wurin suruki, ya sha gaisuwa, ya cika buhu, ya keto Maraɗi daga wannan baki zuwa wancan, ya isa Tibiri da hantsi. Surukin ya yi ta mamakin yadda mijin ɗiyarsa ya zama mai zumunci dare ɗaya.

Mushe Issa ya yi shekara talatin da biyar yana karanta fuskar yara masu ƙarya, ta Ya'u ba ta ba shi wahala ba. Tun zuwa na biyu ya kwance agogon ya miƙa masa.

"Yatsuna sun yi tauri, Ya'u. Wana mini shi."

Ya'u ya karɓa da hannu biyu, ya wana a hankali, ya kara a kunne ya lumshe ido. Tsohon ya bar shi ya ɗan ji daɗi, sannan ya miƙo hannu.

"Ɗaura mini. In ka gama, dubi dangar bayan gida, awakin maƙwabta sun kwantar da ita."

Haka aka fara. Bayan danga aka zo rufin ɗakin girki. Bayan rufi, kai Mushe likita a Maraɗi da dawo da shi, da bin layin magani, da kai ragon Hajiya Azumi, matar Mushe, kasuwa. Ƴaƴan gidan duk suna Yamai, sai gaisuwa ta wayar salula. In Ya'u ya ƙetare Lahadi ɗaya, sai saƙo ya iso cewa jikin Mushe ya motsa. Ya taho a guje, ya tarar da tsoho zaune yana sauraron rediyo, ga tankin ruwa na yoyo yana jiran mai gyara.

Sau ɗaya Ya'u ya gwada gajerar hanya. Ya ce, "Mushe, wanga agogo ya tsufa, yana wahalshe ku. Ku bari in kawo muku sabo, in raba ku da shi."

"Ni ma na tsufa, kuma ina wahalshe da Hajiya," in ji Mushe Issa. "Ita ma za ka kawo mata sabo?"

Hajiya Azumi ta yi dariya daga cikin ɗaki har ta sarƙe. Ya'u bai sake tayar da zancen ba.

Damina biyu ta wuce, ta uku ta bi, ta biyar ta bi. Tarin ya lafa. Mushe ya yi ƙiba, ya ajiye sanda, har ya koma zuwa masallacin Juma'a da ƙafa. Hajiya ta ce albarkar zogale ce. Tsahara kuwa ba ta rufa wa mijinta ba.

"Malam, ban taɓa ganin mai jiran gawon shanu yana kai wa saniyar dusa ba sai kai. Ka bar tsohon nan ya huta, kai ma ka huta."

Ya'u ya ce ita ba ta san zumunci ba. Gaskiyar magana, shi kansa ya daina sanin abin da ke kai shi. Ya saba da hirar tsohon, da gyaran da yake yi wa Faransancinsa, da labaran sufetocin da suka shuɗe. Amma duk hirar da ake yi, idonsa na komawa inda ya saba.

Shekara goma sha ɗaya aka yi a haka. Mushe Issa ya rasu yana da shekara casa'in, wata Talata da rana, bayan ya ci abinci ya kishingiɗa. Ya'u ya yi kuka a makabarta, kukan gaske, har mutane na ba shi haƙuri kamar ɗan cikinsa.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a zauren gidan. Nasser, babban ɗan marigayi, ya zo daga Yamai da farar shadda da agogon da ke ƙirga masa taku. Malam Sha'ibu, limamin unguwa, shi ke rabo. An gama maganar gida da gona, aka baje ƙananan kaya bisa tabarma: riguna, rediyo, littattafai, tabarau, da agogo. Nasser ya ɗaga agogon da yatsa biyu.

"Wannan kam a ba Malam Ya'u. Ya yi wa Baba hidimar da mu ba mu yi ba. Ko akwai mai ja?"

Babu wanda ya ja. Ya'u ya sunkuyar da kai yana shirya fuskar mai kunya, hannunsa ya riga ya fara miƙewa. Ba a bukatar komai daga gare shi sai ya ce an gode.

Sai Shamsu, mijin ƙanwar Nasser, mai shagon salula a babbar kasuwa, ya sa baki.

"Haba, Yaya, a nema masa abin kirki mana. Wannan ai irin na bakin tasha ne, ɗan China, tun na da. Ko dala ɗari ba zan saye shi ba. Dubi ko pil ba ya ɗauka."

Da Ya'u ya yi shiru, da yanzu agogon na cikin akwatinsa. Amma shekara da shekaru yana tara ilimin da ba wanda ya taɓa tambayarsa, ga shi yau mai sayar da caja na zagin agogon Mushe a gaban jama'a.

"Ɗan China?" ya ce. "Miƙo shi nan, Alhaji Nasser."

Ya ciro ƴar wuƙarsa ya buɗe bayan agogon. Ya nuna musu ƙafafun da ke juyawa, ya ƙirga jajayen duwatsu goma sha bakwai, ya karanta rubutun da ke ciki da Faransanci mai kyau, irin wanda marigayi ya gyara masa. Ya ce aikin Suwis ne, na hannu. Ya ce bakin nan da Shamsu ke gani ba fenti ba ne. Ya bayyana shekarar da aka ƙera shi, da dalilin da ya sa bai taɓa ɓata minti biyu a mako ba. Mutane suka matso, har na waje suka leƙo. Ya'u bai taɓa samun masu sauraro haka ba, daɗi ya kwashe shi. Ya juya ga Shamsu ya ƙarasa:

"In ka kai shi inda aka san shi, kuɗinsa ya fi na sabon moto. Duk abin da ke cikin shagonka na gilashi, babu sa'ansa."

Sai da ya kai aya sannan Ya'u ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Malam Sha'ibu ya gyara zama. Ya ce to, tunda abin dukiya ce, ba a kyauta da shi a kan rashin sani, akwai mata cikin magada kuma sai an ji ta bakinsu. Aka aika cikin gida. Amsa ta dawo da sauri: a sa shi cikin rabo. Agogon ya faɗa kason Nasser, wanda nan take ya tuna cewa tun yana yaro yake ƙaunar agogon nan na Baba. Ya kwance mai ƙirga taku ya sa aljihu, ya roƙi Ya'u ya nuna masa yadda ake wanawa. Ya'u ya nuna masa. Har ɗaurawa shi ya ɗaura masa.

Ba a sallame shi haka nan ba. An ba shi babban ƙamus na Faransanci na marigayi, wanda gara ta cinye daga A zuwa D, da addu'a mai yawa. Ya ɗaure ƙamus ɗin a bayan moto ya kamo hanyar Maraɗi. Da ya ba Tsahara labari, sai ta shiga ɗakin girki, ya riƙa jin dariyarta tare da ƙarar ludayi.

Abin bai tsaya nan ba. Ranar Juma'a Malam Sha'ibu ya kawo labarin cikin wa'azinsa, misalin talaka mai amana wanda aka miƙa wa dukiya ya ƙi karɓa a kan jahilcin masu ita. Labari ya bi kabu-kabu ya shigo Maraɗi, ya kai har Jiratawa, inda surukinsa ya riƙa bugun ƙirji da shi. Tsofaffin layin biro suka naɗe hannun riga, kowa na miƙo nasa a faɗa masa daraja. Yanzu duk gidan da tsohon ma'aikaci ya rasu, kafin a raba kaya sai an aika a kira Malam Ya'u mai gaskiya ya duba agogo. A gaban liman da magada ba shi da bakin cewa tarkace ne. Yakan buɗe, ya ƙirga duwatsu, ya faɗi kuɗin da shi kansa ba zai iya biya ba, a sa masa albarka, a ba shi goro biyu.

Tun daga ranar bai ƙara sayen agogo ko ɗaya ba. Kwanan baya wani dattijo ya tsaya a teburinsa, ya kama hannunsa ya ce irinsu sun yi ƙaranci a duniya, Allah ya ƙara masa wadatar zuci.

"Amin," in ji Ya'u, bai ɗago kai ba. "Ku kawo hoto biyu da tambur, biro na rufewa ƙarfe ɗaya."